Gyaran da Ba a Sa Ni Ba

Zuwa ga 'yata mai sunan mahaifiyata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda ta bar mu. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya, ya sauke ki cikin sauƙi, ya ba mu mai albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har kasuwa take zuwa da kanta. Ƙaninki direba kullum yana kan hanya, sai ƙarshen mako muke ganinsa, matarsa kuma ta yaye yarinya. Ni kuwa babu abin da ke damuna sai shekaru. Kafin komai ki kwantar da hankalinki. 'Yarki Lauya tana nan, tana ci tana sha, tana musu da kowa kamar yadda ta samo sunan, kuma yau ina cikin farin cikin da rabona da irinsa tun ranar da aka haife ta. Amma akwai maganar da na ɓoye miki wata guda cur. Sau uku ina karɓar waya da niyyar faɗa miki, da na ji muryarki sai harshe ya ƙi. Shi ya sa na ɗauko biro. Kin san ban zauna a aji ba sai da furfura ta fito, a makarantar yamma, benci ɗaya da sa'o'in ƙannenki. To yau ga ranar wannan karatu. Ki yi haƙuri da rubutun, ki bi shi daga farko, kada ki tsallaka.

Yadda aka yi wa Lauya aikin tiyata kin sani. An buɗe gefen ƙirjinta na hagu, an cire ɓangaren huhun da ciwo ya cinye, aka bar mata roba tsakanin haƙarƙari tana zubar da ruwa cikin kwalba har kwana shida. Abin da ba ki gani ba, tunda likita ya hana ki tafiya, shi ne yadda yarinyar nan ta tsani robar. Ba ta iya juyawa, ba ta iya dariya, ko atishawa tsoronta take. Ranar da aka cire ta, ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga, ta ce mini gara a sake yanka ta tana barci da a mayar mata da wannan roba ido biyu. Na yi mata alkawari ba za a mayar ba, kamar ni ke da asibitin.

Ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciya ta zo bakin gadonta. Aikinta koya wa waɗanda aka yi wa aiki yadda za su dawo da ƙarfin numfashinsu, mu dai malamar numfashi muke ce mata. Lokacin ni ina can ƙasa, cikin layin karɓar magani, saboda haka bayanin bai shiga kunnena ba. Na dawo na tarar ta bar wani ɗan bututu na roba mai haske, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. A cikinsa akwai sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya, da ɗan bawul, marufin da sifirin ɗin ke dannewa, a jikinsa lambobi, a gindinsa abin murɗawa. Ana sa shi a baki, a matse hanci da ɗan maƙali irin na shanya, a zuƙi iska da ƙarfi. Na tambayi Innarki me aka ce, ta ce talatin da safe, talatin da yamma, in ya yi mata sauƙi a ƙara lamba. Iyakar abin da ta riƙe ke nan. Lauya kuwa magani ya sa ta gyangyaɗi, hankalinta yana gida. Akwai takarda a cikin kwalin, amma ba da Hausa aka rubuta ba, ga ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. Na ninke ta na sa a aljihu, ban nemi wanda zai karanta mini ba. An ce matambayi ba ya ɓata, ni ban tambaya ba.

Muka sa ta a ɗakin nan mai taga ɗaya da kika yi ƙuruciya a ciki. Washegari da safe ta gwada bututun. Uwata, da kin ga yarinyar nan. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe, gumi ya keto mata, da ƙyar bawul ɗin yake buɗewa ya yi ɗan huci. A na takwas ta cire shi, ta dafe gefen ɗinkin, hawaye na zuba babu murya. Da yamma ta kai goma sha ɗaya. Kwana biyu ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon wannan azaba. A rana ta uku, bayan azahar, ta yi barci, Innarki tana wanki a baya. Na ɗauki bututun na wanke, na sa a bakina na ja. Sai na ji yana riƙe iska. Shekara arba'in da biyu ina gyaran famfo, na rijiya da na feshi da na keke da injin ban ruwa, kuma duk wanda aka kawo mini yana gardamar ja, ciwonsa ɗaya ne cikin biyu, ko bawul ya cije ko sifirin ya yi tauri. Na ce a raina wannan an yi shi ne don ƙarti, aka ba yarinya 'yar shekara goma sha bakwai mai ɗanyen ɗinki, babu wanda ya duba.

Na sa shi a aljihu na fita shago. Na share teburin aiki, na shimfiɗa farin ƙyalle, na ɓalle murfin a hankali da bakin sukundireba. Na sa filaya na yanke zagaye uku daga sifirin ɗin, na goge bakin da magagari har ya yi santsi, sannan na ɗan ja sauran ya dawo tsawonsa na da, yadda ido ba zai gane ba. Na wanke da ruwan zafi da sabulu, na haɗa, na mayar kan teburinta kafin la'asar. Ba zan ɓoye miki ba, aiki ne mai kyau, na jima ban yi mai tsafta irinsa ba. Ban gaya wa kowa ba, domin so nake ta ɗauka ƙarfinta ne, ta sami ƙwarin gwiwa.

Da yamma ta yi talatin ba ta tsaya ba. Ta cire bututun tana kallonsa, tana kallonmu. Innarki ta ɗaga hannu tana hamdala. Ranar ce aka kira ki a waya kika yi kukan murna, ni ina gefe ina shafa gemu. Daga nan kullum sai ƙara lamba, cikin kwana goma ta kai ta ƙarshe, babu sauran abin murɗawa. Da Innarki ta ga haka, sai ta ce tunda bututu ya shaida an warke, babu dalilin wahalar da yarinya da yawo a tsakar gida da tarin dole da aka ce ta riƙa yi, ta kwanta ta huta ɗinki ya kama. Ni ma na goyi baya. Mun ga tana haki in ta je banɗaki ta dawo, mun ji jikinta yana ɗumi da yamma, muka ce gajiya ce. Ni da ya kamata in fi kowa shakka, na fi kowa sakin jiki, don har ga Allah na ɗauka iskar da take ja da yawa ita ce maganin.

Da sati biyu suka cika muka koma asibiti, ni da ita da Innarki. Ɗakin malamar yana ƙarshen wani dogon baranda, da gado ɗaya, da keken motsa jiki, da zanen huhu a bango. Mace ce gajeriya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Lauya ta miƙa mata bututun da alfahari ta ce ta cinye lambobin duka, a ba ta wani. Malamar ta ajiye biro. Ta ce ko saurayi mai lafiya ba ya kai wannan lamba cikin kwana goma. Ta ɗauko na'urarta ta ce a zuƙa, aka zuƙa sau uku, ta duba littafi, ta ce ƙarfin bai ƙaru ba, ya ma fi na ranar sallama rauni. Ta sa abin saurare a bayan Lauya ta jima tana sauraro. Nan take ta tura mu hoton ƙirji. Babban likita ya maƙala hoton a fitila, ya nuna mana da yatsa. Ƙasan huhun ya naɗe kamar laimar da ba a buɗe ba, ruwa kuma ya fara taruwa a gurbin. Ya ce zai ba ta magani, ya kuma ba ta sati biyu. In huhun bai buɗe ya cika wurinsa ba, za a kwantar da ita a mayar da roba. Na dubi Lauya. Ba ta yi kuka ba, ta dai zuba wa hoton ido kamar na wata ne.

Har lokacin, wallahi, ban haɗa abin da aikina ba. Sai da muka koma ɗakin malamar ta ɗauko sabon bututu ta jera shi da namu a ƙarƙashin fitila. Ta ƙirga zagayen wannan, ta ƙirga na wancan. Fuskarta ta canja. Ta ce namu jabu ne, an kawo musu kayan banza, kuma akwai mutum goma sha ɗaya da aka ba daga kwali ɗaya, dole a kira su yau. Ta aika aka zo da mai kula da sito, dattijo kamata, da mabuɗai a ɗamara. Ta tambaye shi a gabanmu daga ina kayan suka shigo. Bawan Allah ya ruɗe, yana rantsuwa, yana cewa shekara ashirin bai taɓa karɓar abu ta bayan gida ba. Ni ina zaune a kan benci, sai na ji kamar an zare mini laka. Na so in yi shiru, Uwata, ba zan yi miki ƙarya ba, na kai minti guda ina so. Sannan na miƙe na ce a sallami mutumin nan, babu ruwansa, ni na yanke.

Innarki ta saki jakarta a ƙasa. Mai sito ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Malamar ta cire tabarau ta tambaye ni da me na yanke, na ce da filaya. Ta tambayi sana'ata, na faɗa. Ta ɗan rufe ido, sannan ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta kira ni Baba, ta yi mini bayani da harshen shagona. Ta ce a ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan nama, shi ke sauka ya jawo iska kamar fatar famfo, da waɗansu tsakanin haƙarƙari masu taya shi. Bayan aiki, ciwo da kwanciya suna sa su sanyi, mutum ya koma shaƙar iska sama-sama, ƙasan huhu ya rufe. Ta ce na ɗauka bututun shi ne famfo, alhali yarinyar ce famfon, shi bututun nauyi ne, kamar ƙarfen da samari ke ɗagawa. Taurin da na cire shi ne maganin duka. Ta ƙara da cewa ba sifirin kaɗai ya jawo ba, rashin tafiya da rashin tari sun taimaka, wani ma yana yin komai daidai ruwa ya taru. Ta faɗa ne don ta rage mini. Bai rage ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ba nawa ba.

Sai da muka shiga gida Innarki ta sami bakinta. Ta ce shekara nawa tana roƙona in gyara famfon kicin mai ɗiga ina cewa gobe, amma abu ɗaya tak a duniya da ba a sa ni ba, shi na yi wa rawar jiki har da farin ƙyalle. Gaskiya ta faɗa. Lauya kuwa ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Kwana biyu ba ta ce mini ci kanka ba. In na yi sallama ta amsa a ciki, shi ke nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali, sabon bututun da aka ba ta ta ƙi taɓa shi. An mayar da ita lamba ta ƙasa, kuma ko ita, da ta gwada a asibiti, ta fi ƙarfinta. Ta gaya wa Innarki ta gaji, sati biyu tana murna da ƙarya, tunda robar za a mayar a mayar kawai. Kwana biyu daga cikin sha huɗu suka tafi a haka. Na rufe shago, na zauna a baranda kamar wanda aka yi wa rasuwa.

A rana ta uku da hantsi ta aiko a kira mata Injiniya, sunan da ta laƙaba mini ke nan tun daga ranar. Na shiga na tsaya kamar mai laifi a gaban alƙali, ita kuwa ta jingina da filo. Ta ce ta duba shari'ata, an same ni da laifi, babu ɗaukaka ƙara. Hukuncin shi ne, hannun da ya sassauta shi zai matsa. Ni zan riƙa zama a gabanta safe da yamma ina ƙirgawa, ni zan danna mata filo a kan ɗinki in za ta yi tari, kuma duk ranar da malama ta ce a ƙara lamba, ni zan murɗa da yatsuna. In ta yi kuka ba ni da izinin tashi, ba ni da izinin cewa ya isa. Na ce na karɓa. Ta ce ba tambayata aka yi ba.

Uwata, na ɗaga injin da ya fi ni nauyi, na shiga rijiya gaba goma sha biyu da igiya a ƙugu, ban taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba. Ta zuƙa, idonta ya cika, ni ina cewa bakwai, takwas, hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su kai wa bututun. In ta huta ta ce da ni mugun tsoho, ta ce in ta zama lauyar gaske da ni za ta fara. Wata safiya tausayi ya ci ƙarfina, daga ashirin da biyu na tsallaka zuwa ashirin da biyar. Ba ta cire bututun ba, ido kawai ta ɗago ta dube ni, ta nuna mini yatsu biyu, muka koma ashirin. A kwana na biyar ta yi wani tari ina danne da filo, har na ji ƙashinta a tafina, ta fitar da kaki mai kauri mai duhu wanda ya tsorata mu duka. Muka kira malama a waya, ta yi tambayoyi, ta ce wannan shi ake nema, a ci gaba, in an ga jini ko zazzaɓi ya hau a kawo ta. Tafiya ma muka dawo da ita. Ranar farko daga ƙofa zuwa shagon tela, ta zauna a bencinsa tana haki. Sannan zuwa turken lantarki, sannan zuwa kantin magani na kan kwana. Sau uku na murɗa mata lamba cikin kwanakin nan, kowane da bismilla, kowane da zagi.

Yau da safe muka koma. An ɗauki hoto, muka zauna a baranda muna jira, Innarki tana jan carbi, Lauya ta ƙi kallon kowa. Da aka kira mu, likita ya maƙala sabon kusa da tsohon ya tsaya yana kallo. Ni ban san karatun hoto ba, fuskarsa nake karantawa, ita kuma ba ta da rubutu. Can ya juyo ya ce huhun ya buɗe ya sauka wurinsa, ruwan saura ɗan kaɗan wanda jiki zai shanye da kansa, babu maganar roba. Na nemi ya maimaita, ya maimaita. Na zauna a kan kujerar da ba tawa ba, na yi kuka a gaban mutane, ni da ban yi ba ranar aikin. Lauya ta dafa kafaɗata ta ce wa likita ya yi haƙuri, majinyacin nata ne, za ta kai shi gida. Malamar numfashi ta gwada ta da na'ura, ƙarfin ya kusa ninka na wancan zuwa. Kafin mu fito na nemi mai sito na ba shi haƙuri kan tozarcin da ya sha saboda ni. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Ya ce yana da famfo a gida da ke ba shi wahala, har ya yi niyyar kawo mini, amma ya sake tunani.

To Uwata, ga maganar. Amana kika ba ni, na kusa cutar da ita da hannuna, na kuma bar ki kina murnar abin da ba shi ba. Innarki ta so ta faɗa miki tun ranar, ni na hana saboda halin da kike ciki, laifin ɓoyewar ma nawa ne. Ki yafe wa mahaifinki. In kina da faɗa ki yi shi, na cancanta, ba zan ce ni na haife ki ba. Aikin bai ƙare ba, malama ta ce saura sati shida, kuma daga gobe a ƙara lamba ɗaya. Da safe zan wanke hannu in murɗa, za ta sha wuya, ni kuma zan zauna in ƙirga talatin cif. Ki sa mu a addu'a, ita Allah ya ƙara mata ƙarfi, ni ya hana ni tausayin da ba shi da amfani.

Ki gaishe mini da surukina da kyau, ki ce ina godiya da haƙurinsa da ɗawainiyarsa. Ki gaishe da jikokina, Babban Yaya da Sarkin Ɓarna da 'yar auta mai shirin sauka daga mulki, Allah ya yi musu albarka. Ki gaishe da ƙanwar mijinki da ke taya ki aiki, da maƙwabciyarki mai ɗinki. Innarki tana gaishe ki, haka ƙaninki da matarsa, da Gwaggonki ta bayan layi, da tela da ya ba mu bencinsa. Lauya ta ce tata takardar daban za ta rubuto, wai tawa bayanin wanda ake tuhuma ne kawai. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Tsohon mai gyaran famfo.